Ba Maye Ba Ne: Yadda Na Gano Sunan Ciwon Mahaifina a Jikina

Ina ɗan shekara 11 na fara ƙin jerawa da mahaifina a hanya. Idan ya ce in raka shi wani wuri, sai in ja baya, in tsuguna kamar ina gyara takalmi, in bar tazara tsakanina da shi yadda wanda ya gan mu ba zai ce tare muke ba. Baba yana tafiya ne ƙafafu a ware, yana tangaɗi hagu da dama, in zai juya sai ya nemi bango ya dafa. Maganarsa ma ta sauya, kalmomi suna fitowa a rarrabe, kamar harshen ya yi masa nauyi a baki. Yaran da muke wasa tare su suka fara raɗa wa abin suna: suka ce babana ya sha ya bugu. Manya ba sa faɗa a gabanmu, amma ina ganin yadda suke haɗa ido idan ya wuce.

Mutumin nan ko taba bai taɓa sawa a bakinsa ba. Na san haka, a gidansa nake kwana nake tashi. Amma sanin bai hana ni jin kunya ba, kuma wannan kunyar ita ce abin da ya fi ci mini rai yau, fiye da ciwon da ke jikina.

Wata rana wansa ya zo gidanmu, ya kira shi gefe. Ina bayan ƙofa, ina jin komai. Ya ce masa, "Ka ji tsoron Allah, kana da iyali, 'ya'yanka sun fara girma." Baba ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya ce, "Yaya, wallahi ban san ɗanɗanonta ba." Sai dai rantsuwar ta fito da irin muryar nan mai ja, wadda ita ce dai ake tuhumarsa a kanta. Wan nasa ya kaɗa riga ya fita. Daga ranar zumuncinsu bai koma yadda yake ba.

An kai Baba asibiti ba sau ɗaya ba. Wani ya ce hawan jini ne, wani ya ce shanyewar jiki ce take shigowa a hankali, wasu a gefe suka ce iska ce. Ba wanda ya dace da abin da muke gani. Baba bai shanye ba. Idan ya riƙe hannunka sai ka ji kamar zai karya maka yatsu. Yana iya ɗaga abu mai nauyi, amma ba ya iya kai kofi bakinsa ba tare da ruwa ya zube masa a ƙirji ba. Hankalinsa garau, lissafinsa bai taɓa kuskure ba. Daga dogara sanda ya koma dafa kafaɗar mutum, daga nan ya koma zaune. A shekarunsa na ƙarshe yana yawan ƙwarewa, ko ruwa ya sha sai tari ya sarƙe shi. Ya rasu a 2006 da ciwon huhu, shekara 13 bayan fara tangaɗin, kuma har aka binne shi ba mu san sunan abin da ya same shi ba.

Ni tela ne. Na koyi ɗinki tun ina saurayi, kuma hannuna yana da kyau, wannan kowa ya shaide ni da shi. Ina zura zare a allura ba tare da na tsaya dubawa sosai ba, ina yanka yadi a kan layin alli ba gargada. Na yi aure, Allah ya ba mu 'ya'ya uku. Maganar ciwon Baba na binne ta tare da shi.

A 2015, ina da shekara 33, zare ya fara ƙin shiga allura. Na ɗauka ido ne, na je aka gwada, aka ce idona lafiya lau. Ina ganin kafar allurar sarai, hannun ne yake wuce ta, in dawo da shi ya sake wucewa ta ɗaya gefen. Sai saukowa daga bene ta fara ba ni tsoro. Sai tafiya cikin duhu. Da dare jijiyar ƙafata takan ɗaure, in farka ina murƙususu. Kowanne na samo masa dalili: gajiya ce, yawan zama a kan keke ne, rashin barci ne. Akwai wani abu can ƙasan zuciyata da ya riga ya gane tafiyar nan, domin na bi bayanta shekara da shekaru ina kallo. Ban yarda na saurare shi ba.

Kusan shekara biyu ina ɓoyewa. Na koyi dabaru: in ba yaron shago allura in ce ya zura mini ina sauri, in bi gefen bango kamar inuwa nake nema, in rage magana a cikin mutane don kada a ji harshena yana lauyewa. Ɓoyon ya ƙare ranar da almakashi ya goce mini a kan yadin wani mutum, na shiga cikin ƙirjin rigar da faɗin yatsa uku. Da ya zo karɓa na miƙe zan ba shi haƙuri, sai na yi baya na bugi teburin yanka. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya matso kusa da fuskata yana shinshina, ya ce, "Malam, da rana tsaka?" Bai jira amsa ba ya ɗebi yadinsa ya tafi.

Na rufe shago, na zauna a ciki cikin duhu na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da Baba ya rasu. Ba yadin nake wa kuka ba. Muryar Baba nake ji yana cewa, "Yaya, wallahi ban san ɗanɗanonta ba."

Matata ce ta tilasta mini neman magani da gaske. Ashe ta daɗe da lura, tana jira in faɗa da bakina. Ta ce, "Maigida, ni na san ba ka shan komai. To idan ba sha ba ne, ciwo ne, kuma ciwo ana zuwa asibiti da shi." Mun sha yawo. An ba ni maganin zazzaɓi, an ba ni maganin jiri, an ce kunnena ne. Sai a 2018 wani likita ya tura ni wurin ƙwararriyar likitar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne ba ta fara da wata na'ura ba. Ta ce in tashi in yi tafiya zuwa ƙofa in dawo, tana kallon ƙafafuna. Ta ce in taka layi ɗaya, diddigen wannan ƙafa a gaban yatsun waccan; taku biyu na yi na nemi faɗuwa. Ta ɗaga yatsanta ta ce in taɓa shi da nawa, sannan in taɓa hancina, in yi ta maimaitawa. Yatsana ya riƙa wuce nata, kuma yana rawa idan ya kusa isa. Ta kwantar da ni ta ce in ɗora diddige a kan gwiwar ɗaya ƙafar in zame shi a kan ƙwauri zuwa ƙasa. Diddigen ya yi ta kauce hanya. Ta sa na riƙa juya tafin hannu sama da ƙasa da sauri. Ta ce in dubi nan, in dubi can, ba tare da juya kai ba, kuma na ga ta daɗe a kan wannan, ta rubuta wani abu. Daga nan ta ce in matse hannunta da iya ƙarfina, in tura, in ja. Ta yi murmushi ta ce, "Malam, ƙarfinka yana nan. Ba ƙarfi ka rasa ba."

Sannan ta ɗauki takarda ta rubuta kalma ɗaya ta miƙo mini. Ta ce ana kiran abin ataksiya.

Na ce, "Likita, me ke nan?" Ta ce kalmar daga Girkanci take. Gaɓar farko, "a", tana nufin babu. Sauran, "taksis", tana nufin tsari ko jeri, irin yadda ake jera mayaƙa sahu-sahu kowa a gurbinsa. Idan aka haɗa, ma'anar ita ce rashin tsari. Tsokar jiki tana da ƙarfinta, umarni yana fitowa daga ƙwaƙwalwa, amma wanda ke tsara wace tsoka za ta ja, da wane ƙarfi, a wane lokaci, kuma yaushe za ta saki, shi ne ya samu matsala.

Wallahi ko da ta gama na riga na fahimta, domin na san wannan a keken ɗinki. Akwai lokacin da keke zai kasance injinsa lafiya, bel lafiya, allura sabuwa, zare mai kyau, amma ɗinki ya riƙa tsallake. Dalili shi ne lokacin da allura ke sauka bai yi daidai da lokacin da ƙugiyar ƙasa ke zuwa ɗaukar zare ba. Mu teloli muna cewa taimin ya goce. Wanda bai san keke ba zai yi ta sauya allura, ya yi ta ƙara mai, a banza. Na ce mata, "Ranki ya daɗe, kenan taimin ɗin jikina ne ya goce." Ta ce ba ta taɓa jin wanda ya faɗe shi haka ba, amma daidai ne.

Wurin da ke riƙe da wannan taimin a jikin mutum yana ƙeya, ƙasan babbar ƙwaƙwalwa. Ana ce masa ƙaramar ƙwaƙwalwa, likitoci kuma suna kiransa serebelum. Girmansa kusan kashi 10 cikin 100 ne na ƙwaƙwalwa gaba ɗaya, amma fiye da rabin ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa a cikinsa suke. Shi ke auna nisa tsakanin hannu da kofi, shi ke gyara tsayuwa kafin mutum ya san ya karkata, shi ke jera motsin harshe da leɓe da numfashi har magana ta fita sumul. Da aka ɗauki hoton kaina da na'urar MRI, ta nuna mini nawa. Ya motse, ramukan da ke tsakanin ninkinsa sun buɗe, kamar ganyen da ya fara bushewa.

A nan ne ta faɗi maganar da ta sa na kasa riƙe hawaye a gabanta. Ta ce giya idan ta shiga jiki, wannan ƙaramar ƙwaƙwalwar tana cikin wuraren da take fara taɓawa. Shi ya sa mashayi yake tangaɗi, harshensa ya karye, ya kasa taka layi. Wato mutanen da suka kalli Baba, idonsu bai yi musu ƙarya ba a kan kamannin tafiyar. Hukuncin da suka yanke ne zalunci. Wuri ɗaya ne ya taɓu, amma shi nasa ba da hannunsa ya jawo ba.

Akwai abin da na ɗauki lokaci kafin in gane game da kalmar nan, kuma ina so mai karatu ya riƙe shi. Ataksiya ba sunan cuta guda ɗaya ba ce. Sunan alama ce, kamar yadda zazzaɓi yake alama. Idan likita ya ce kana da ita, ya faɗa maka yadda jikinka yake motsi ne, bai riga ya faɗa maka abin da ya jawo ba. Masu jawo ta suna da yawa. Bugun jini a ƙwaƙwalwa yana kawo ta farat ɗaya, kuma wanda ya ga tangaɗi ya zo masa kwatsam, asibiti zai nufa a wannan sa'ar, ba gobe ba. Ƙari a ƙeya yana kawo ta. Ƙarancin sinadarin bitamin B12 ko bitamin E yana kawo ta. Doguwar shaye-shayen giya tana lalata wurin har abin ya zauna. Wasu magungunan farfaɗiya idan sun yi yawa a jini suna sa ta. Yaro ma yakan yi ta bayan ƙaranbau, kuma yawanci ta wuce da kanta. Akwai kuma wadda ba daga ƙeya take ba, daga jijiyoyin da ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin inda ƙafa take. Mai irin wannan idan ya tsaya ya rufe ido sai ya yi luu zai faɗi, kuma gwajin da ake yi don gane ta yana ɗauke da sunan wani likitan Jamus, Romberg. Wasu daga cikin waɗannan suna warkewa ko su tsaya idan an kama su da wuri. Shi ya sa nake jin zafi idan na ji an ce wa mutum "ciwon jijiya ne" an sallame shi da maganin kashe zafi. Wanda aka ce masa ataksiya, haƙƙinsa ne ya tambaya: wace iri, kuma me ya kawo ta?

An ɗebi jinina an yi duk waɗannan gwaje-gwajen. Makonnin da na yi ina jiran sakamako, addu'ata ɗaya ce: Allah ya sa ƙarancin bitamin ne, a yi mini allura in koma bakin kekena. Sakamako ya fito, komai daidai. Ban taɓa baƙin ciki da jin cewa jinina lafiya yake ba sai ranar.

Sai ta tambaye ni, "A danginku akwai wanda ya taɓa irin wannan tafiyar?" Na buɗe baki, maganar ta tsaya mini a wuya. Matata ce ta amsa: "Mahaifinsa."

Ataksiyar gado ma iri-iri ce. Akwai wadda likitan Jamus Nikolaus Friedreich ya bayyana a 1863, ana kiranta da sunansa har yau. Ita tana farawa ne galibi tun ƙuruciya, takan taɓa zuciya, kuma sai yaro ya gaji ƙwayar halittar da ke jawo ta daga uwa da uba duka biyu, alhali su iyayen lafiyarsu ƙalau. A 1893 likitan Faransa Pierre Marie ya bambanta wata da ke zuwa bayan mutum ya girma, tana bin gida daga uba ko uwa zuwa ɗa kai tsaye. Yau an san wannan rukunin ya haura iri 40, ana ba su lamba. Gwajin ƙwayar halitta ya ɗauki watanni kafin ya dawo, a 2019. Tawa ita ce ta biyu a jerin, SCA2. An gano ƙwayar da ke jawo ta a 1996, wato Baba yana raye, yana tangaɗi a hanya ana nuna shi, alhali a wani wuri a duniya an riga an san abin da ke damunsa har zuwa tushensa. Akwai wani ɗan guntun rubutu a cikin ƙwayar da ke maimaita kansa. A yawancin mutane sau 22 ne, idan ya kai 33 ko ya wuce sai ciwon ya bayyana. Yawan maimaicin yakan ƙaru idan ya ratso ta wajen uba, kuma gwargwadon tsawonsa gwargwadon saurin farawar ciwon. Baba ya fara yana da shekara 44, ni na fara ina da 33. Jinkirin da idona ke yi wajen tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, wanda likitar ta daɗe tana dubawa ranar farko, yana cikin alamomin da aka san wannan nau'in da su. Na kuma ji cewa a lardin Holguín na ƙasar Kuba ne ciwon ya fi yawa a duniya. Na daɗe ina tunanin mutanen can, waɗanda ba mu haɗa harshe ko kama ba, amma tafiyarmu ɗaya.

Tambayar da ta rage ita ce wadda na fi tsoro. Na ce, "Likita, 'ya'yana fa?" Ta ce kowane ɗaya daga cikinsu yana da kashi 50 cikin 100 na gadon ƙwayar. Ba wai rabinsu za su yi ba. Kowannensu lissafinsa daban, suna iya tsira duka, suna iya kamuwa duka. Na ce a gwada su gobe. Ta ce a'a. Yaron da ba shi da wata alama ba a gwada shi a kan ciwon da ba a da maganin hana shi, sai ya girma ya zaɓa da kansa ko yana son sani. A ranar na ji haushinta ƙwarai. Na ga kamar ta hana ni abin da yake nawa. Daga baya na tambayi kaina: in an ce mini wannan tana da shi, wancan ba shi da shi, da wane ido zan riƙa kallonsu? Ita ce da gaskiya.

Wata uku na yi ba na fita ko ƙofar gida. Ina kwance ina kallon yarana suna guje-guje, kowane tuntuɓe suka yi sai gabana ya faɗi. Na ce wa matata idan tana so ta tafi ba zan riƙe ta ba, domin na ga abin da mahaifiyata ta sha. Ta dube ni ta ce, "Kada ka sake faɗa mini wannan maganar." Ba ta ƙara komai ba, ta tashi ta ɗauko takardar asibiti inda aka rubuta ranar fara motsa gaɓɓai, ta ajiye a gabana.

Nau'in da nake da shi ba shi da maganin warkewa, kuma yana gaba ne a hankali. Duk wanda ya ce maka yana da maganin da zai tsige shi, kuɗinka yake so. Na faɗa hannun irinsu sau biyu kafin in dawo hayyacina. Abin da ke taimako shi ne atisaye, kuma ba wasa ba ne. Kullum da safe ina yin kusan minti 40: tsayuwa ƙafafu a haɗe kusa da bango, tashi da zama daga kujera, mayar da nauyi daga wannan ƙafa zuwa waccan, miƙa hannu in taɓa alamomin da aka manna mini. Idan na bari na sati biyu, jikina yana gaya mini. Mai koyar da magana ta koya mini in rage sauri, in ja numfashi kafin jimla, in raba doguwar kalma gaɓa-gaɓa. Ta koya mini in zauna a miƙe idan zan ci ko zan sha, in ɗan sunkuyar da haɓa, in daina magana da abu a baki. Ranar ne na gane abin da ya kashe Baba: abin da yake ƙwarewa da shi yana gangarawa huhunsa kaɗan-kaɗan. Da an gaya wa mahaifiyata wannan ɗan bayanin, wataƙila da ta sauƙaƙa masa wahala mai yawa.

Sanda kuwa sai da na yi shekara guda ina ƙin ta. Gani nake ranar da na riƙe ta na sallama. Abin da ya faru akasin haka ne. Da sanda a hannuna mutane suka daina shinshina ta, suka fara matsa mini hanya. Tafiyar ba ta sauya ba, fassararta ce ta sauya a idonsu. Wannan ya yi mini daɗi, ya kuma yi mini ciwo, domin Baba ya yi shekara biyar yana tangaɗi kafin ya ɗauki sanda, kuma a waɗannan shekarun ne aka gama ɓata masa suna.

Yanzu ina amfani da kalmar a fili. Da farko nauyinta nake ji, kalma ce baƙuwa, kuma harshena da kansa yana wahala da ita, sai na raba ta: a-tak-si-ya. Amma na lura idan na ce "ba ni da lafiya", kowa sai ya kawo nasa sunan, wannan ya ce shanyewa, wancan ya ce ciwon karkarwa irin na tsofaffi, wani ya ce shan inna. Duk ba su ba ne. Mai shanyewa ƙarfi ya rasa. Mai ciwon karkarwar nan, wato Fakinsin, hannunsa yana rawa ne yana ajiye, jikinsa ya sandare. Nawa hannun shiru yake idan na ajiye shi, sai na miƙa zan ɗauki abu yake rawa. Don haka nakan faɗi sunan, in bi shi da fassarar da na yi wa kaina: rashin daidaiton motsi. In mutum ya tsaya saurare, in ba shi misalin keke. Ina yawo da ɗan kati a aljihu da aka rubuta sunan ciwon, da cewa ba maye ba ne kuma ina jin duk abin da ake faɗa. Wannan na ƙarshen dole ne, domin da yawa idan suka ji maganata tana ja sai su ɗaga murya, ko su juya su tambayi wanda ya rako ni, kamar hankalin ne ya tafi. Akwai ma ranar da aka ware a duniya don wayar da kai a kan ataksiya, 25 ga Satumba. Ranar nakan rubuta wani abu a Facebook da yatsa ɗaya, a hankali, kuma kusan kowace shekara sai wani ya turo mini saƙo a ɓoye yana cewa haka mahaifiyarsa take tafiya, ko ƙaninsa.

Ban ƙara riƙe almakashi ba tun 2020. Shagon yana nan, yara uku suna ɗinki a ƙarƙashina, ni nake duba awo, in tsara yanka, in kama kuskure tun kafin a kai ga yadi. Idona da kaina suna aiki. Kunnena ma yana aiki: daga inda nake zaune ina gane keken da taimin ɗinsa ya goce. A cikin gida ina amfani da abin dafawa mai ƙafa huɗu, tafiya mai nisa kuma a keken guragu. Babbar 'yata ta kai shekarun da za ta fahimta, mun zaunar da ita mun gaya mata komai, har da kashi 50 ɗin. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Abba, idan na girma ni zan yanke ko a gwada ni?" Na ce ke za ki yanke.

Mahaifiyata ita na fi jinkirin gaya wa. Da na yi mata bayani, ta sa na maimaita sunan sau uku, ba ta iya faɗarsa ba. Ta ce in sa a rubuta mata a takarda. Ta riƙe takardar tana kallo duk da ba ta karatun boko, sannan ta ce, "Ashe abin yana da suna." Ta ninke ta, ta sa a cikin akwatin da take ajiye hular Baba da tabaransa. Sai ta ce saura abu ɗaya: wan mahaifina yana raye, in je in gaya masa.

Na yi wata biyu ina ja da baya. Bara na je. Ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi rauni, amma ya ga shigowata, ƙanina yana riƙe da ni ta gefe ɗaya, ƙafafuna a ware. Na gaishe shi da muryar nan mai ja. Ban kai ga ciro katin daga aljihu ba ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce, "Sake magana in ji." Na sake gaishe shi. Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suka fara rawa, ya kira sunan Baba sau biyu. Sannan ya ce, "Ya rantse mini. Ya rantse mini da Allah, na juya masa baya." Na matsa kusa na kama hannunsa, sai da na kai hannu sau biyu kafin na same shi. Muka zauna a haka har aka kira magariba.